Gonarmu ta Guna bayan an sayar da gidan mai

Daga Zangon Damagaram zuwa ga ɗana Alkasum, a wurin aikin kuza, ƙasar Jos.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Zuliha da 'yar jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Allah ya raya ta, ya tsare ku daga sanyin ƙasar nan da muke jin labari. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai ta hana ni sakat, in na durƙusa bakin murhu sai na dafa bango kafin in miƙe. Ƙanwarka Falmata tana Gidimuni gidan mijinta, ciki ya tsufa, ana ta jira. Babanku lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu, kuma dalilin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan.

Alkasum, an sayar da gidan man gyaɗa. Balaraben nan da babanku yake yi wa suyar gyaɗa tun ba a haife ka ba, tsufa ya kama shi, bayan kaka ya tattara ya koma ƙasarsu, ya sayar wa wani kampani na nasara da gidan da tukwanen da mutanen ciki duka. Ranar da suka zo an tara ma'aikata, Baturen da aka naɗa, wanda suke kira mushe, ya yi magana, tafinta ya juya musu, wai ba abin da zai sauya sai alheri. Aka ƙara musu albashi, ba zan yi musu ƙarya ba. Babanku ya dawo yana murmushi. Ni ma har na yi guɗa, Allah ya yafe mini.

Farko tunkuza suka hana. Ka tuna da, in an matse mai, abin da ya rage namu ne mu matan ma'aikata, ni da maƙwabciyata Delu mu ɗauko a kai mu yi ƙuli-ƙuli, da shi na yi maka wandon kaciya, da shi na haɗa wa Falmata kwanonin ɗaki. Yanzu ɗurawa suke a buhu a ɗora wa raƙuma, wai shanun ƙasarsu ne za su ci. Delu ta ce ashe sanuwar nasara ta fi matar Musulmi gata. Kwalbar man da ake ba kowane gida da salla, babu. Da Malam Suma'ila mai hura wuta ya rasu, muka zauna muna jiran likkafani daga gidan mai kamar yadda aka saba, har rana ta take, sai da aka yi karo-karo a unguwa. Sannan suka kawo inji, suka rataya ƙararrawa a ƙofa, suka ba kowa lambar tagulla ya ɗaura a wuya. Hutun Juma'a suka mayar Lahadi. Babanku da yake sahun gaba, yanzu da gudu yake isa masallaci da rigar hayaƙi, liman ya sauko daga huɗuba. Ran Lahadi kuwa ya wuni ƙofar gida kamar mai jinya, kowa yana kasuwa.

Duk wannan da haƙuri muka haɗiye, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wanda ba ya haɗiyuwa shi ne damina. A wajen Balarabe, hadari na fara haɗuwa ake rufe gidan mai, kowa ya ɗauki hauyarsa ya tafi gona, sai an yi girbi a dawo. Da haka muka riƙe gonar Guna, da haka ba mu taɓa sayen gero a mudu ba. To yanzu an ce sun tara gyaɗar da za ta kai su shekara, inji ba ya hutawa, don haka mutum ma ba zai huta ba. Babanku ya je da kansa ya roƙi a sake shi ko na shuka da noman fari. Tafinta ya ce mushe ya ce ai don haka aka ƙara albashi, ya sayi gero a kasuwa. Babanku ya ce a gaya masa ba geron ba ne, gonar ce. Tafinta ya ce shi ba zai juya wannan ba, kada ya ja wa kansa.

Kai ka san gonar nan ba saye aka yi ba. Da kakanku ya zo daga Barno, mai garin Guna na lokacin ya nuna masa wurin ya ce ya noma, muddin hannun gidansa yana kai. To yanzu gyaɗa ta yi daraja, kowa ido ya buɗe, saurar da ake bar wa awaki ma rigima ake a kai. Tahiru, wanda gonarsa take jingine da tamu ta gabas, yaransa sun girma sun yi masa yawa, ya daɗe yana zirga-zirga ƙofar mai gari. Ba na zaginsa, bakuna gare shi da zai ciyar.

Da bazara ta yi, babanku ya ce bari ya je ko sharar gona ya yi, a ga ƙafarsa. Ya yi abin da aka saba yi tun da can, in uzuri ya kama mutum ya tura ɗan'uwansa ya tsaya masa. Ya cire lambarsa ya rataya wa ƙanensa, babanka Ado, wanda ya iya suyar nan kamar shi, ya tafi Guna hankali kwance. Wallahi ko a ransa bai kawo cewa laifi ne ba. Mai duba aiki ya ga baƙuwar fuska da lambar wani, ya ce sata ce. Ado ya yi rantsuwa, ma'aikata duka suka shaida, ba wanda ya saurara. Aka kira gardi, ɗan sandan nasara. A bariki suka ga ƙato ne ba shi da takardar aikin kowa, sai suka haɗa shi da waɗanda ake kaiwa aikin dole na hanyar arewa. Matarsa Lubabatu tana nan wajena da yara, ba mu san ranar dawowarsa ba. Babanku kuwa aka tsayar da shi gaban yaran da shi ya koya wa aiki, aka ce in ƙararrawa ta ƙara bugawa ba ya nan, ya ajiye lamba. Kuma ka san ranar da ya ajiye ta, hanyar da Ado ya bi shi ma ita zai bi, da furfurarsa, ga haraji ba ya jira.

Na hau jakin mijin Delu na je Guna da kaina. Mai gari ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura. Na ce za mu sa 'yan ƙodago. Ya ce in ya yarda mai albashi a birni ya riƙe gona da hannun haya, ga 'yan gari ba su da wurin sa hauya, da wane ido zai dube su. Ya ce in ruwan shuka ya sauka ya ga namiji daga gidanmu a gonar, ko gurgu ne, shi zai tsaya mana, in bai gani ba kada mu ga laifinsa. Na ce ni fa, ba hannun gidan ba ce? Ya dubi yadda na zauna da ƙafa a miƙe, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Shi ya sa na ce bari in kira ka. Ka roƙi masu aikinku, ka taho ko kai kaɗai, ka bar Zuliha wajen mutanen kirki. In ka shuka ka yi noman fari, sauran ma san yadda za mu yi.

Alkasum, nan na tsaya, na naɗe takardar ina jiran fataken Kano su tashi, sai aka ce raƙumansu ba su huta ba. Suna nan ba su tashi ba ruwa ya sauka. Ruwa sosai, irin wanda ƙasa take jiƙa har kamu. Da gari ya waye ƙanshin ƙasa ya cika gida, ana ta wucewa ta ƙofarmu da sungumi a kafaɗa, ana yi wa juna barka. Babanku ya fito ya tsaya tsakar gida, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza. Bai dube ni ba. Ƙararrawa ta buga. Ya kakkaɓe hannunsa a riga, ya ɗaura lambarsa ya fita.

Don haka abin da na ce a sama ka bar shi, ban goge ba ne don ka san na so kiranka. Kada ka taho. Kafin takardar nan ta iso hannunka gero ya fito a gonar, kuma ba namu ba ne. In ruwa ya zube ya bar tulu an gode Allah, ka riƙe aikinka, kada mu yi biyu babu. Jiya na sauko da damin irin da muke ratayewa a ɗaki, geron nan mai dogon kai da kakanku ya zo da shi. Lubabatu ta ce mu daka, yara su ci tuwo. Na kasa sa shi a turmi. Na ba mijin Delu ya kai wa Tahiru, na ce a gaya masa ƙasar wurin ta san irin nan, kada ya cika shi a rami, kuma ta gefen tsamiya ruwa yana kwanciya. Babanku bai sani ba tukuna. In ya ɗaga kai ya ga wurin wayam zan gaya masa.

Ka gaida mini Zuliha da kyau, ka shafa mini kan jaririya, ka aiko mana da sunanta. Ka gaida kawunka Ali in kuna haɗuwa, da duk 'yan Damagaram da ke wurin. Lubabatu da yara suna gaishe ka, Delu ma ta ce a gaishe ka, Hajja Kaltuma tana sa maka albarka. Ka sa babanka Ado a addu'a. In za ka ba da amsa, kada ka ambaci gona, a gaban babanku ake karantawa.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce mahaifiyarka.