Matakin da Aka Sayar Mini a Shagonka, da Ƙafar Yayana Haruna

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan babura a Khumra, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban rubuta sunanka ko na shagonka ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba, kuma ka san da kai nake. Ni ne Sale, ɗan marigayi Malam Idi tela, maƙwabcinka na dā a Ammariyya. Sau uku ina zuwa shago ana ce mini ka fita. Na kira waya, ba a ɗauka ba. Shi ya sa na rubuto a fili, kuma da Hausa, ko da yake Larabci ya fi mini sauƙi a rubuce. Ina so mutanenmu masu aiki a garke da gonaki su karanta, domin wurinka suke sayen kaya.

Ka san yayana Haruna. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya bar karatu don ni in yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana kiwon raƙuma da tumakin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a cikin sahara, kudu da Khumra. Duk aikinsa a kan dabbab yake yi, wato babur ɗin nan mai taya huɗu: da shi yake ɗauko ciyawa, da shi yake koro dabbar da ta yi nisa. Wata rana na kai masa ziyara na ga matakin ƙafar babur ɗin ya tsage saboda rana, ya ɗaure shi da waya. Matakin roba ne mai zurfi kamar kwano, da bango a bayan diddige. Na ce a raina, ga abin da zan yi wa Yaya. Mutum ne da bai taɓa yarda ya karɓi komai a hannuna ba, sai na yi niyyar in gyara masa ba tare da na tambaye shi ba.

Na farko, ga yadda aka yi a shagonka. Ranar wata Alhamis, mako biyu bayan ƙaramar salla, na ɗora babur ɗin a motar da nake kai kaya da ita na kawo shi. Mai tsaron shagonka, dogon nan mai furfura a gemu, ya ce irin matakin na asali ya ƙare, sai an yi odarsa. Sai ya shiga ciki ya fito da wani dogon kwali. Mataki ne na alminiyam, yana ƙyalli, da manyan ramuka da haƙora a sama don riƙe takalmi. A jikin kwalin akwai hoton mutum cikin manyan riguna, a kan wani babur marar taya, yana gudu bisa dusar ƙanƙara. Na nuna masa hoton na ce, "Wannan ai na ƙasar sanyi ne." Ya yi dariya ya ce, "Ya Sale, ƙanƙara da rairayi duk ɗaya ne. Ramin da ke zubar da wannan shi zai zubar da wancan. Ya fi na roba ƙarfi sau goma. Halas, magana ta ƙare, ɗauki." Ni ma na yi dariya. Mai haɗa kaya na shagonka ya yanke tsawonsa, ya huda sabbin ramuka, ya yi waldar ƙarfen da zai riƙe shi, ya cire tsohon matakin da bangonsa ya jefa a shara. Ina tsaye ina kallo, ina jin daɗi.

Sai bayan abin ya faru wani injiniya ɗan Nijeriya da muke salla tare ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce babur ɗin ƙanƙara ba shi da taya a bayan ƙafar mahayi, abin da ke tura shi yana can ƙarƙashi a rufe, don haka matakinsa ba ya buƙatar bango. Shi kuwa dabbab, tayarsa ta baya tana juyawa taƙi ɗaya daga diddigen mutum, kuma wannan bangon robar shi ne kawai tsakaninsu. Ni direba ne, ban san wannan ba. Amma kai, Alhaji, tun ina yaro kake sayar da kayan babura. Ban yarda cewa a shagonka babu wanda ya sani ba.

Na biyu, abin da ya sami Haruna. Da na mayar masa da babur ɗin ya yi ta faɗa, wai na ɓata kuɗina, amma yana faɗan yana shafa ƙarfen da hannu. Da yamma ya turo mini hotonsa a kai, yana murmushi. Kwana tara ya yi yana hawa. A rana ta goma da safe wata taguwa mai ciki ta ɓalle daga garke, ya bi ta. Yana gangarowa daga tudun rairayi babur ɗin ya yi tsalle, ƙafarsa ta dama ta zame baya, ba abin da ya tare ta. Taya ta kama ta ta ja ta ƙasa, haƙoran matakin suka yaga abin da tayar ta bari. Shi kaɗai ne a wurin, wayarsa tana cikin rumfa. Ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyarsa, ya ja jiki ya fake a inuwar babur ɗin. Sai wajen azahar abokin aikinsa, wani ɗan Sudan, ya bi sawun taya ya same shi.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu kwana huɗu. A na biyar suka kira ni suka ce sai an yanke, ƙasa da gwiwa. Ni na sa hannu a takardar, da hannun da na ɗauko kwalin nan.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ga taguwar. Aka ce an gan ta. Sai ya dube ni ya ce, "Sale, kada ka sa wa ranka damuwa. Kyauta ka yi mini." Wallahi Alhaji da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na uku, halin da muke ciki. Gidansu yana hawa na uku, kuma ka san tsofaffin gidajen Ammariyya, ba lif. Ranar da aka sallame shi ni na goya shi na hau da shi. Yana bayana yana ta ba ni haƙuri wai ya yi mini nauyi. Matarsa, Yaya Asma'u, ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta juya fuskarta ga bango don kada ya ga hawayenta. Yanzu a zaune yake salla. Wani lokaci muna hira sai in ga ya sunkuya zai sosa ƙafar da babu, sai ya tuna, ya mayar da hannunsa kamar ba komai. Kafilinsa mutumin kirki ne, ya zo asibiti, ya yi abin da zai iya. Amma ya gaya mini gaskiya, ba zai iya riƙe makiyayi mai ƙafa ɗaya ba, kuma idan iƙamar Haruna, wato izininsa na zama a ƙasar nan, ta ƙare ba zai sabunta ta ba. A nan aka haife shi, a nan aka binne iyayenmu. Ƙasar da ke rubuce a fasfonsa sau ɗaya ya taɓa ganinta. Ban gaya masa maganar kafilin ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba.

Mutane suna zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce. Na yarda, kuma ba na ja da hukuncin Allah. Na kuma san nawa rabon laifin: na ga hoton, zuciyata ta yi shakka, na danne ta don ina son in kai wa yayana abu mai ƙyalli. Wannan zan rayu da shi. Amma abin da ya hana ni yin shiru shi ne na huɗu. Zuwana na ƙarshe shagonka na ga kwalayen nan suna nan jere a inda suke. Na tarar da wani bawan Allah, Bahaushe mai aikin gona, yana juya ɗaya a hannu. Na ce masa ya ajiye, na fara ba shi labari. Mai tsaron shagonka ya kama kafaɗata ya ce, "Yalla, fita, kada ka kore mana mutane." Na fita. Ban san ko mutumin ya saya ba, kuma har yau fuskarsa tana dawo mini.

Ga abin da nake roƙo. Ka sauke kwalayen nan yau, kada a ƙara ɗaura ko ɗaya a kan dabbab. Duk wanda aka haɗa wa, shagonka yana da lambar wayarsa. A kira su ɗaya bayan ɗaya a mayar musu da mataki mai bango, kafin wani ya sake kwana a gadon da Haruna ya kwana. Kana da sito da ƙofofi da ke buƙatar mai tsaro, ka kuma san masu irinsu. Haruna ya iya karatu da rubutu, amanarsa kuwa kowa a unguwa shaida ne. Aikin zaune da zai riƙe masa iƙama bai fi ƙarfinka ba. Na so in kai ƙara hukuma, shi ya hana ni, ya ce, "Abokin Baba ne, ba za mu tsaya da shi gaban kowa ba." Na bi maganarsa a kan abin da ya shafe shi. A kan ƙafafun sauran mutane kuwa ban yi masa alkawarin komai ba.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran sauƙi. Ka zo ka duba shi. Sau biyu yana tambayata, "Alhaji ya ji kuwa?" Duka biyun na ce masa ka yi tafiya. Ya sa Yaya Asma'u ta ware dabino mai kyau ta ɓoye, ya ce na ranar da za ka zo ne, kada yara su taɓa. Ban taɓa yi wa yayana ƙarya ba sai a kanka. Don Allah kada ka bari in yi ta uku.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya tsare gaɓoɓinka da na zuriyarka, ya sa wa dukiyarka albarka, ya nuna mana gaskiya ni da kai, ya ba mu ikon bin ta.

Wassalam.

Ɗanka,
Sale Idi, Ammariyya, Jidda.