Ni Ce Nake Buɗe Tsohuwar Kwamfutar

Auta,

Don Allah ajiye abin da ke hannunki ki karanta wannan yanzu. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Yaya ciwon kan, ya sauka? Mu lafiya lau. Mai gyaran waya na bakin layinmu ke rubuta min, don a waya bakina ba zai iya ba.

Sati uku kina min kukan kullum da safe a kulle kike tarar da rumbun aikinku na intanet, inda kowa ke zuba gyaransa. Har shugabanku ya dakatar da abokiyar aikinki mai tsohon ciki, wai ita ke gwada shiga da sunanki. Ni kuma ina ta ce miki Allah ya tona asirin mai yi. To, ya tona.

Kin tuna tsohuwar kwamfutarki ta saman kabad, wadda kika ce kada a taɓa? Ina goge ta na ɗaga murfin, sai ga hoton babanki a fuskarta, Allah ya jiƙansa, hula a karkace yana dariya. Tun ranar, kullum da safe sai na jona ta, na sha shayina muna kallon juna. Wani jan rubutu yakan fito a gefe, na ɗauka ado ne.

Jiya ta ƙi kamawa, na kai wa mai gyaran nan. Ya ce tsohuwar kalmar sirrinki, wadda kika canza tuni, tana nan a ajiye ciki. Wai duk sanda na buɗe, sai ta bi intanet ɗin da kika sa mana, ta je rumbun da tsohon mabuɗi. In ta gwada sau biyar, sai a garƙame. Ashe ɓarawon a ɗakina yake, har da kofin shayi.

Ya kashe ta. Ya ce ke za ki goge tsohuwar kalmar, shi kuma zai ciro min hoton a takarda.

Ki yafe min. In shugabanku na son jin bakina, a haɗa mu. Amma kafin shi, kafin mijinki ma, fara kiran mai cikin nan. Kwana tara tana gida da laifina a kanta.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Innarki