Ba Zan Buga Takardar Rantsuwa da Manhajar Sata Ba

Zuwa ga Alhaji Ɗanjuma, shugaban ƙungiyarmu ta masu buga takardu a bakin kotu, Lafia, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, ina gaida iyali, da fatan ƙafar da ke damunka ta yi sauƙi. Ni ce Asabe, mai rumfa ta uku daga gindin mangwaro, wadda kuka ba wa'adi zuwa ranar Litinin: ko in mayar da kwamfutata irin ta kowa, ko in kwashe kayana a ba wani rumfar. A taron da kuka yanke wannan hukunci na ɗaga hannu har ya gaji, ba a ba ni dama ba. Shi ya sa na rubuto a fili, zan kuma manna kwafi a jikin mangwaron don kowa ya karanta.

Na farko, yadda abin ya faro. Ka san da tafireta na fara aiki a wurin nan, tun lokacin da rumfarka ta zana ce. Da kwamfuta ta zo, na bi sahu, na kai tawa wurin Injiniya Bala, surukinka, ya saka mini manhajar rubutu kamar yadda yake saka wa kowa. Ban taɓa tambayar inda yake samo ta ba. Abin da na sani shi ne lokaci-lokaci wani jan rubutu yakan fito a sama, aiki ya tsaya, a kira Injiniya ya zo ya yi 'yan dabarunsa, a sallame shi. Wata rana wani dattijo daga Arikya ya zo yin takardar rantsuwa kan gonarsa, jan rubutun ya fito yana zaune. Ya tambaye ni me injin ya ce. Na karanta a hankali don in fassara masa, sai na ji kunya ta rufe ni, domin cewa yake wannan manhaja ba ta halal ba ce, ba a saye ta daga masu ita ba. Na ce wa dattijon wuta ce ta yi ƙasa. Ya gyara zama ya ce, "To madam, ni ba karatu, ka rubuta gaskiya kawai, Allah yana gani." Na yi wa tsoho ƙarya a kan takardar da zai je ya dafa Alƙur'ani a kanta, kuma abin bai bar zuciyata ba har yau.

Na biyu, gwajin da na yi. Kun ce na ɗauko abin da ban sani ba na jefa sana'a cikin haɗari. Ba haka aka yi ba. Ƙanwata Ladi tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Kano, ita ta gaya mini akwai manhajar rubutu da masu ita suka sake wa duniya, kowa ya ɗauka ya yi aiki, ba sata ba ɓoye-ɓoye. Ban yarda nan take ba, don ni ma na taso da ganin kayan kyauta ba ya ƙarko. Na saka ta a tsohuwar kwamfutar da ke gida, na yi wata uku ina gwada ta kafin ta taka bakin kotu. Na buga takardar canjin suna, ta shaidar shekaru, ta ɓatan katin shaida, da yarjejeniyar sayar da fili irin wadda mutanen Kwandere ke kawowa mai shaidu takwas. Ba zan ɓoye aibinta ba. Sati biyu hannuna yana laluben maɓallai kamar baƙuwa a kicin ɗin wata. Firintata ta ƙi jin maganarta sai da muka sha fama. Har yanzu idan lauya ya turo takarda mai jadawali, wani lokaci layukan sukan goce, sai na zauna na daidaita. Amma tun da na kawo ta rumfa, aiki bai tsaya mini ko sau ɗaya ba, kuma babu takardata da magatakardan kotu ya taɓa dawowa da ita.

Na uku, maganar kiran waya, wadda ita ta fi ƙona mini rai. An tashi a taro an ce ina kwasar takardun mutane in kai gida, in nuna wa baƙi ta intanet. Wanda ya faɗa ɗan ƙungiya ne, maƙwabcina kuma a gida, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na san abin da ya ji. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan zauna a tsakar gida in kira Ladi ta intanet, don kiran ya fi sauƙi kuma tana iya ganin fuskar kwamfutata ta nuna mini inda zan taɓa. Muryata ba ta yin ƙasa, wannan kowa ya sani. Ya ji ina karanta "ni, wance, na rantse", sai ya ɗauka asirin wani nake tonawa. Sunana nake sakawa a duk takardar gwaji. A cikin wata ukun nan na canja sunana ya fi sau goma, na sayar wa Ladi filayen da ban mallaka ba, na ɓatar da katin shaidar da ke cikin jakata. Da ya leƙo ya yi sallama, da na ba shi kujera ya sha kallo. Shekarun da na yi a bakin kotu, matan da suka rabu da mazajensu da magadan da ke rigima sun zauna a bencina sun faɗi abin da ba su faɗa wa 'yan uwansu ba. A kawo mutum ɗaya da ya taɓa jin maganarsa a waje ta bakina.

Na huɗu, abin da ba a faɗa a taro ba. Ranka ya daɗe, ni da kai mun san rigimar nan ba ta taso ba sai da abokan sana'armu Madam Grace da Malam Isa suka zo na saka musu irin tawa, suka daina kiran Injiniya. Ba ni da gaba da Bala. Yana da hannu a gyaran firinta, kuma gobe ma in tawa ta lalace shi zan kira. Amma ba a kafa ƙungiya don a tsare wa surukin shugaba kasuwa ba. Mu da muke buga takardun da Musulmi zai dafa Alƙur'ani, Kirista ya dafa Baibul, bai kamata a ce da kayan sata muke buga su ba. Wanda ya ga zai iya sayen ta halal, ya saya, ban hana kowa ba. Ni ba zan iya ba, na kuwa sami hanyar da ba sai na yi wa wani tsoho ƙarya ba.

Ga abin da nake roƙo. A janye wa'adin Litinin. A ajiye kwamfutata da ta duk wanda kuka zaɓa a kan tebur ɗaya a gindin mangwaro, a ba mu takarda iri ɗaya mu buga, a kai wa magatakarda ya nuna wadda ta gaza. Wanda ya yi mini ƙazafin tona asiri kuma ya tashi a gaban mutanen da ya faɗa wa, ya janye.

Idan kun ƙi, ku sani ba zan mayar da waccan manhajar ba, kuma ba zan kwashe kayana da hannuna ba. Rumfar nan da ita na ciyar da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mahaifinsu. Ranar Litinin da safe za ku same ni a cikinta ina aiki, sai dai ku ɗauke ni da kujerar.

Abu na ƙarshe. Kundin dokokin ƙungiya da ka ɗaga a taro, ka karanto sashen da ya ce kowa ya yi aiki da kayan da ƙungiya ta amince da su, ka tuna wa ka ba ya sake buga shi bayan ruwan damina ya jiƙa tsohon? Ni ka ba, domin a ranar kwamfutar sakatare ta nuna jan rubutu tana jiran Injiniya. Da wannan manhajar da kuke korata saboda ita na buga shi, shafi goma sha biyu, ka duba ka ce aiki ya yi kyau, ka sa hannu. In takardunta ba su da inganci, to dokar da kuka hukunta ni da ita ma ba ta da shi, sai ku fara cire ta kafin ku zo kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci ko a kan na gida ne, ya sa mu gama da sana'ar nan da mutuncinmu.

Wassalam, daga 'yar ƙungiyarku da ke nan daram a rumfa ta uku,

Asabe mai buga takardu,
Bakin kotu, Lafia.