Rubutun Jarrabawa a Bakin Raga

Zariya, Nuwamba 1968

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen Yelwa duka. Da gaske ruwan Kainji ya cinye gonarmu?

Ina lafiya, girkin kwaleji bai fi ƙarfina ba, sai dai ɗanki Tanimu. Tun da aka sa shi tsaron gida a ƙwallo, sau biyar ana cinye su. Na yi masa rubutun sha saboda jarrabawa, ya je ya yayyafa a bakin raga, inda ake takawa da takalmi!

Na ce, "Ayar Allah, Tanimu?"

Ya ce, "Inna, ai mun ci biyu da nema."

Yanzu kullum 'yan ƙwallon su goma sha ɗaya suna ƙofata da kwanoni neman rubutu, har na ɓoye allon. Jarrabawa saura kwana tara, shi kuwa ko cokali bai sha ba. Zan sake rubutawa, amma a gabana zai shanye.

Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Halimatu