Amya Ɗaya Ta Rayu

Sarauniyar ƙudan zumana ta yi ƙwai! Ɗazu da hantsi na same su, farare 'yan mitsi-mitsi a gindin ramukan saƙa, har sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa.

Jikana abokina, yi haƙuri, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyarku, Allah ya raya mana ita. Mu nan da sauƙi. Tarin kakarka ne dai ya ƙi sakinta, ni kuma ƙafa sai lallaɓawa.

Wata biyu ina ɓoye maka wani abu. Amyoyin nan huɗu na bayan gida, uku sun mutu, kuma ni na kashe su. Tsutsa ce ta kama tumatir, na sayo maganin feshi. Da karatuna na ajin yamma na karanta gaban kwalbar, ina ta jin kaina, na auna daidai yadda aka rubuta. Ban juya bayanta ba, inda aka yi gargaɗi da ƙananan baƙaƙe kada a fesa shuka tana fure. Na fesa da safe, kabewa da kuɓewa duk sun buɗe, ƙudan suna kai suna aiki. Kafin la'asar ƙasa ta yi baƙi, wasu suna ta birgima sun kasa tashi. Da tsintsiya na share su, sau uku ina cika kwano. Kakarka tana bakin ƙofa, ta ce shekara talatin ina kiwonsu ina jahili ban kashe ko ɗaya ba, sai da na yi karatun tsufa.

Ta huɗun ta rage da 'yan tsiraru, ba sarauniya, ba ƙwai, ƙarewa kawai suke yi ɗaya bayan ɗaya. Kafinta maƙwabcinmu, wanda ya fi ni sanin kiwon, ya yanko mini saƙa mai ƙwai daga tasa amyar. Ya ce in saka musu za su reni sarauniya da kansu, amma kada in buɗe sai bayan mako huɗu. Na jira, na buɗe, wayam. Ya sake ba ni, ya ce daga wannan babu ƙari, don nasa ma ba ƙarfi gare su ba.

Lambu kuwa ya yi tsit. Kabewa ta yi ta zubar da fure ba ɗa. Da gashin kaza nake bi ina shafa garin wannan fure a wancan, bayana kamar ya karye, guda biyar kacal na samu. Ganyenta muke dafawa da albasa da gishiri, in tumatir ya nuna a yanka a kai. Zumar da kakarka ke lasa saboda tari ta ƙare makon jiya, ta ɗauraye kwalbar da ruwan zafi ta shanye.

Bana babu zuma, na sani, ɗan abin da suka tara nasu ne. Da na kai wa kakarka labarin yau, sai ta ɗauki sandarta ta biyo ni har gindin amyar, ta daɗe tsaye tana kallon masu shiga da fita.

Ka gaida maiɗakinka, da ƙanwarka malamar asibiti, da kawunka direba. Ka ce na ce kowa ya zo, kai ma ka taho da jaririyar. Ko lasa ba wanda zai samu, amma zan yi hayaƙi in ɗaga murfi, ku leƙa ɗaya bayan ɗaya. Ku zo ku gani.

Ni ne kakanka, mai ɗokin ganinku.