Dokunu a Ƙarƙashin Katifar Inna

Laraba, 10 ga Disamba, 1969

Yau na ɗaga katifar Inna, na tarar da dokunu, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye, duk ya ruɓe, tsutsa na yawo. Ashe tun da aka fara kwashe baƙi a manyan motoci daga tashar Kejetia ta Kumasi, ana korarsu daga Ghana, take ɓoye abincinta.

Kawu ya toshe hanci, ya ce aljanu ne, a kawo hayaƙi. Tir! Yayarsa ce fa.

Yaya Sani, mai jinyar masu taɓin hankali, ya ce, "Rabi, abin da mutum ya binne a ransa tun yana yaro ba ya mutuwa. Tsoro ne ya tono shi. Bar ta ta yi magana."

Ya zauna kusa da Inna. Can ta ce, "Na Hajjo ne. Kada ta sake jin yunwa a hanya."

Ƙanwar su Inna da Kawu ce, ta rasu suna tahowa daga Nijar tun suna yara. Ban taɓa jin sunanta ba. Inna ta ce a goye a bayan Kawu ta cika, shi ya hana a ƙara ambatonta.

Kuma wai shi ne mai cewa aljanu.