Inna, Nasiru Bai Aske Kansa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Labari ne ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai kika san shi tun daga tushe.

Kin tuna zuwanki jinya wurinmu a garin Stains, lokacin jikanki Nasiru yana shekara takwas? Faransanci ko gaisuwa ba ki iya ba, amma kika ƙulla abota da tele. Yana dawowa daga makarantar lakwal sai ku baje a ƙasa kuna kallon katun ɗin nan na iyali masu ƙaton kai. Shi yana dariya don ya ji abin da aka ce, ke kina dariya don kin ƙirƙiro naki labarin.

Akwai kashi ɗaya da kika sa aka ɗaukar miki, kika kalle shi har muka haddace. Yaron gidan ya kamu da son wata yarinya 'yar ajinsu, iyayenta mabiya addinin Buddha. Don ya burge ta sai ya aske kansa ƙwal, ya yafa labulen uwarsa mai ruwan goro, ya tafi wurin ibadarsu wai ya zo ya zama malami. Tsohon malaminsu ya dube shi sama da ƙasa, ya warware labulen ya ninke, ya miƙa masa tsintsiya. Da ya gama share tsakar gida, tsohon ya kama hannunsa ya mai da shi ƙofar gidansu. Yarinyar kuwa ta ce ita ta fi son shi da sumarsa.

Ni haushi nake ji. Hajiya guda, da carbi a hannu, tana kallon masu gumaka! Na yi miki mita, kika ce, "Ke Zuwaira, tsohon nan mutumin kirki ne. Ɗan mutane ya kawo kansa, bai riƙe ba, ya mai da wa uwarsa."

To, Inna, katun ya biyo mu har gida.

Nasiru yanzu yana jami'a a Bron, kusa da Lyon, da gemunsa da komai. Ya haɗu da wata yarinya, Malis, kakanninta mutanen Kambodiya ne, addininsu kuma irin na katun ɗinki. Na yi faɗa, na yi shiru, na kai ƙara wajen Allah. Sai makon jiya ya kira ni ya ce kakan Malis ya rasu. A al'adarsu, ɗa ko jika namiji yakan aske kai ya sa mayafin malamansu ranar jana'iza, don ladan ya kai ga mamaci. Tsohon bai bar namiji ba. Gwaggonta ta ce ko Nasiru zai tsaya musu, tunda tsohon yana ƙaunarsa.

Na tambaye shi me ya ce musu. Ya ce, "Maman, zan je tukuna."

In ya yi, ya taɓa addininsa. In ya ƙi, ya kunyata yarinyar a gaban danginta ranar da take kuka, kuma na san ɗana, wannan son ba na wasa ba ne.

Na yi abin da kika koya mini, ba a shiga gidan rasuwa hannu rabbana. Na soya masa, na cika kula biyu, na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Amma ke ba zan ɓoye miki ba, masar hujja ce kawai. Zuwa na yi in janyo ɗana.

Na isa ƙarfe ɗaya da rabi, ina ganin na zo daidai abincin rana. Na doshi babban malaminsu da kula, na durƙusa ina miƙa masa hannu biyu-biyu. Ya ja da baya yana murmushi. Ashe malamansu ba sa cin komai in rana ta wuce tsaka, kuma mace ba ta miƙa musu abu hannu da hannu. Kuskure biyu a durƙuso ɗaya! Na ji kamar in nutse.

Sai na ji an karɓi kular ta bayana. Na ɗaga kai, ashe Nasiru ne, kansa na fara duba. Inna, sumarsa tana nan, ko sili ɗaya bai bari an taɓa ba.

Malis ce ta ba ni labari, idanunta jawur. Tun da sassafe ya je gaban kakarta, matar mamacin, ya cire takalmi ya tsuguna, kamar yadda yake tsuguna miki. Ya ce shi Musulmi ne, ba zai iya askin ba, ba zai sunkuya wa mutum-mutumi ba, kuma ba zai yi wa mijinta ƙarya da mayafin da bai yi imani da shi ba. Amma duk aikin da ke gidan nan yau, nasa ne. Gwaggon ta ɓata rai. Tsohuwar ta tashi, ta ɗauko masa tsintsiya.

Shi ya share wurin, shi ya jera kujeru. Takalman baƙi ya jera su biyu-biyu suna fuskantar waje, yadda kike yi wa baƙinki a Damagaram.

Dangi suka cinye masata tas. Muna tsaye sai tsohuwar ta dubi agogo, ta ja hannun Nasiru zuwa wani ɗaki bayan kicin. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta tambayi jikarta ina ne gabas. Daga nan ta kamo hannunsa ta sa a nawa.

A nan na yi kuka, a gidan rasuwar mutumin da ban taɓa gani ba.

Ban san inda maganarsa da Malis za ta tsaya ba, na bar wa Allah. Abin da na sani shi ne ina alfahari da yaron nan har ƙirjina ya yi mini kaɗan. Da muka idar da azahar na tambaye shi wa ya koya masa wannan. Ya ce, "Ke kina kicin kina mita, Maman. Ni da Inna muna kallo."

Ki yafe mini mitar. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wannan tarbiyya a mizaninki. Amin.

An mai do mini ɗana, Inna, da sumarsa.

'Yarki mai kewarki,
Zuwaira